Ƙwayoyi a Farar Takarda, Babu Suna

Wata huɗu ba ku ji ni ba. Ban mutu ba, kuma ban huce ba.

Ciwon gwiwa ne ya kai ni wani ƙaramin asibiti a nan Kaura. Aka rubuta magani, aka ƙirgo ƙwayoyin a farar takarda, aka ja layi biyu da biro: safe da yamma. Suna babu. Ni da nake karanta har takardar da aka ƙunso ƙosai, ban tambaya ba.

Kwana tara, sai zazzaɓi. Ido ya yi ja, leɓe ya kumbura, ƙuraje suka feso a ƙirji.

Yayata Luba ta zo daga Zurmi, ta duba ni, ta ce, "Ke ƙanwata, murna za ki yi! Maganin na ka hiddo cutar waje. Kar ki kuskura ki bari."

Maƙwabta duk suka ce haka ne. Na ƙara kwana uku ina sha.

Kwana ukun nan su nake kasa yafe wa kaina.

Ranar da fatar bayana ta biyo zane, Malam, maigidana, ya sa ni mota sai Gusau. Likita ta ɗaga fatar idona ta ce, "Hajiya, me kika sha?"

Malam ya miƙa mata takardar. Ta juya gaba, ta juya baya.

"Layi biyu? Da wannan zan yi aiki?"

Sai da ya koma Kaura ya sa aka tono katina kafin a san sunan.

Sati biyar a kwance. Ƙarin ruwa, ɗibar jini kullum don a duba hanta da ƙoda, wankin gyambo da sai na ciji filo. Bakina ya kwaile, ko kunu ba ya wucewa. Amma tsorona ɗaya ne: ido. Duk wadda ta shigo ɗiga min magani sai na ce, "'Yar nan, zan sake karatu?"

Luba ce ta yi jinyata. Rannan tana shafa min mai ta ce, "Ni na kashe ki."

Na ce, "Yaya, ba a gama ba tukuna, ki shafa can ƙasa."

Idon dama ya dawo. Na hagu hazo ne, haske ma yana ƙona shi. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitar nan da masu jinya da alheri.

Don Allah, in kun fara magani kuka ga ƙuraje da zazzaɓi ko kumburin baki, ku dakatar, ku nufi asibiti a ranar. Ba cuta ce ke fita ba.

Kuma kada ku bar gaban tagar magani sai an rubuta muku sunansa. Nawa yana cikin jakata yanzu, da manyan baƙaƙe, yadda ko idon hagu zai iya karantawa.