Gayyar da muka yi wa golanmu

Har yau in na ga damin dawa sai bayana ya soma ƙaiƙayi, kuma ba kowa ya ja min ba sai bakina.

Lokacin ina tela a Gusau, Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta maganar tafiyarsu. Keken ɗinkina yana wata rumfa a bakin hanyar tashar jirgi, kuma rumfar nan ita ce majalisar masu son tamaula. Ni dai ban taɓa buga ƙwallo ba. Sau ɗaya na gwada, na shuri ƙasa, farcen babban yatsana ya fita. Amma in ana maganar wa ya kamata a sa, wa ya kamata a cire, duk garin ba wanda ya kai ni sani. Ko kuwa in ce ba wanda ya kai ni ƙarfin murya.

Kulob ɗinmu na 'yan gari ne: 'yan dako, masu awon gyaɗa, malamin makaranta ɗaya, mahauta biyu. Kyaftin ɗinmu wani akawun kanti ne, mutumin kudu, Kirista. Hausa ta zauna a bakinsa sarai, sai in ya fusata ta gudu ta bar shi. Kowa Akawu yake ce masa. Golanmu kuwa abokina ne na ƙut da ƙut, mutumin Nahuce ta wajen Bunguɗu, yana dakon buhunan gyaɗa a gari. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kamar faifai. Ni na ɗinka masa rigar da yake tsaron gida da ita, baƙa, da ɗan aljihu ta ciki na sa goro.

Shekarar nan muka kai wasan ƙarshe na kofi, za mu kara da ma'aikatan jirgi. Sai dai tun wajen ƙarshen damina golan namu ya soma zubar da ƙwallaye. Wata ma a hankali take birgima, ta wuce ta gefensa yana tsaye yana kallon gaba. Mutane suka fara ƙananan maganganu. Ana cikin haka dawa ta nuna, ya tattara ya tafi gida, ya aiko cewa babansa ya ce ba inda za shi sai an gama yanka.

Nan fa maƙwabcina mai gyaran keke ya samu abin da yake so. Dama shi in na ce fari sai ya ce baƙi. Ya je Tsafe ya ɗauko wani ƙanin matarsa, dogo zalalam, har da takalmin ƙwallo na gaske rataye a wuya, ya ce ga gola ya kawo.

Kai, rumfata ta sha magana a makon nan! Mai gyaran keke ya ce mutumin da ya tashi a gindin duwatsun Tsafe tun yana goye yake taren abin da ya gangaro. Na ce dogon mutum kafin ya sunkuya an ci shi an koma tsakiya. Ɗaya daga cikin mahautan ya ce ya ji uwar yaron 'yar 'Yandoto ce, garin malamai, saboda haka da layarsa zai zo. Na ce in laya ke kama ƙwallo a rataye ta a jikin gorar gidan gola mana, kowa ya huta. Wani mai shayi na kusa da rumfar ya ce a sa su duka biyu, dogon ya kama ta sama, gajeren ya kama ta ƙasa, ya kuma yi fushi na gaske da aka ce masa doka ta hana. Da aka kawo maganar ƙwallayen da abokina ya zubar, na ce laifin 'yan baya ne. Aka ce wadda ta birgima fa? Na ce iska ce. Aka ce ranar ko ganye bai motsa ba. Na ce to asiri ne, kuma duk wanda ya sake tambayata ya zo ya kwashe yadinsa. Na kuwa cika: na mayar wa mai gyaran keke da yadin wandonsa a yanke, ƙafa ɗaya ɗinkakkiya, ɗaya babu.

Akawu ya gaji da mu. Ya ce ranar Litinin zai miƙa takardar sunayen 'yan wasa, kuma in an miƙa ba a sakewa. In abokina ya dawo kafin nan, shi ne gola. In bai dawo ba, ɗan Tsafe.

Ana sakkowa daga masallacin Juma'a na hau keke sai Nahuce. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar magirbi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, gayya zan kawo ranar Lahadi, mu yanke dawar nan kaf, mu ga abin da Baba zai ce kuma.

Ya ci gaba da gyaran ƙotar, kansa a sunkuye. Ni a zatona daɗi ne ya hana shi magana.

"Wace gona ce?" in ji ni.

"In kun ƙetare rafi," ya ce, "akwai kuka biyu jere. Gonar da ke tsakaninsu. Kada ku biyo ta gari, ku wuce kai tsaye. Ni Lahadi Baba ya aike ni Bunguɗu, ku dai fara, ina nan tafe."

Ranar Lahadi da hantsi muka ɗunguma, wasu a keke, wasu goyo. Akawu na fitowa daga coci ya biyo mu da farin gajeren wando da doguwar safa, wai yana so ya gani da idonsa. Mai gyaran keke ma ya zo, ya ce ba aiki zai yi ba, dariya ya zo yi. Ba mu samu gangar noma ba, sai mahauta suka taho da mai kalangunsu. Duk cikinmu waɗanda suka taɓa riƙe magirbi ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Muka samu kukokin, muka samu gonar. Ta yi min ƙanƙanta, dawar ma ba ta yi kyau sosai ba, ga ciyawa ko'ina. Amma da malamin makaranta ya ce anya, sai na daka masa tsawa na ce ni na zo ko shi?

Wayyo, wannan aiki! Mai kalangu ya saki kiɗan mahauta, mahauta suka shiga saran kara kamar suna sassara ƙashi. Malamin makaranta ya tsaya yana jera zangarniya daidai da daidai, kan nan da kan nan. Akawu ya rungumi dami ya ɗora a kafaɗa, ƙaiƙayi ya zuba masa cikin riga, nan take Hausarsa ta gudu, ya dinga tsalle yana wani yare yana susa da hannu biyu. Mai gyaran keke ya yi dariya har ya zauna, da ya ga ana ɗaure dami ba daidai ba ya kasa haƙuri, ya tashi ya karɓa, ƙarshe ya fi kowa aiki. Ni kuwa hannun da bai san komai ba sai almakashi, kafin azahar ya yi ƙulu-ƙulu da bororo. Kowa ya wuce ta hanya sai ya tsaya ya zuba mana ido, mu kuma mu ɗaga masa hannu muna jin kanmu.

Wajen la'asar muka gama, muka jera dammuna a gindin kuka. Ba fura, ba ruwa, ba gola. Sai ga wata tsohuwa ta ɓullo da sanda, ta tsaya ta dubi gonar, ta dube mu.

"Ku 'yan ina na? Mi kunka yi min ga gona?"

Na ce, "Sannu Inna. Ai gayya ce muka kawo wa Baba, mahaifin golanmu."

Ta ce ita ba ta san wani gola ba. Gonarta ce, mijinta ya rasu bara, ɗanta ya tafi cin rani tun shekara biyu bai waiwayo ba. Kwana da kwanaki tana tunanin wanda zai yanke mata. Ta zauna a kan dami ta fashe da kuka, tana sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya, har Akawu da ke can yana susa. Muka kwashe dammunan muka kai mata gida, don ba yadda za mu yi. A hanya mai kalangu ya ɗan taɓa kiɗa a hankali a bayana, na juya na harare shi ya bari.

Na bar su na nufi gidan abokina, raina kamar ya fashe. Bai je wata Bunguɗu ba. Yana zaune a inda na bar shi ranar Juma'a. Na zazzaga masa ta cikina, na nuna masa hannuwana, na ce ya mayar da ni abin dariya a gaban mai gyaran keke, mutumin da na ɓata wa wando saboda shi.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Zo tsaya nan." Ya nuna hagunsa.

Na tsaya. Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na dama.

"Kana nan?" ya ce.

"Wane irin ina nan? Ga ni kusa da kai!"

"To ban ganin ka. Tun damina wanga ido ya fara hazo, yanzu ya rufe. Baba bai hana ni komi ba, ni na roƙe shi shi ce haka."

Na tsaya kamar an dasa ni. Sai lokacin na tuna ƙwallon nan mai birgima. Ta hagu ta wuce. Na tuna sauran, su ma duk ta hagu. Ni da nake cewa ba wanda ya kai ni sanin tamaula, ina bayan gorarsa kowane wasa ina ihu, ban gani ba.

"Don me ba ka faɗa min ba?"

"Ta ina? Kullum na zo rumfarka kana faɗa da wani a kaina. Ka ce iska, ka ce asiri. In zo in ce maka su ke da gaskiya?" Ya ɗan yi murmushi. "Da ka ce gayya, sai na ce tunda ba ka jin bari, gara tsohuwa ta samu."

Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina, duk a haɗe. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, don in masu ɗaukar 'yan dako suka ji, ba wanda zai sake ɗora masa buhu a kan tsani.

Litinin da safe ni da kaina na je kanti na ce wa Akawu ya rubuta ɗan Tsafe. Ya dube ni, ya dubi ƙurajen da ke wuyansa a madubi, ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Mai gyaran keke kuwa ya yi wata guda yana ba da labarin telan da bai san gonar abokinsa ba. Na ƙarasa masa wandonsa, na haɗiye. A rayuwata ban taɓa yin aiki mai wuya kamar shirun nan ba.

Ranar wasa abokina ya zo cikin 'yan kallo, da baƙar rigarsa a ƙarƙashin taguwa. Ɗan Tsafe ya kama ƙwallaye masu kyau, gaskiya, sannan wata ta bi ta tsakanin dogayen ƙafafunsa ta shige. Abokina ya miƙe ya fi kowa ihu: "Ni da na kama ta! Wallahi da na kama ta!" Na ce ƙwarai kuwa.

Can wasa ya koma ɗaya gefen filin, jama'a suka ɗauki sowa. Na ga abokina yana ta juya kai gaba ɗaya yana neman ƙwallon. Sai na tashi na zagayo na zauna a hagunsa, na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Akawu ne da ita, ya wuce mutum ɗaya, ga shi nan tafe."

Tun daga ranar, ko a masallaci ne, ko wurin suna, a hagunsa nake zama.