Biron da Bai Taɓa Takarda Ba

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin tsara gari, oga ya tura ni wani ƙauye a bayan Lugbe in ji ra'ayin jama'a kan sabuwar unguwa. Na san ya riga ya sa hannu a taswirar, jin ra'ayin cika sharaɗi ne kawai.

Na shimfiɗa taswirar a gindin mangwaro. Wani tsohon manomi ya ɗora yatsa inda muka zana gidaje.

"Ɗana, nan hanyar ruwa ce. Da rani kuka zo awo, shi ya sa ba ku gani ba."

Na ce, "To, Baba." Na yi ta juya biro kamar mai rubutu, alhali bakinsa bai taɓa takardar ba.

Bayan an gina gidajen, ruwa ya dawo hanyarsa. Aka sake tura ni duba ɓarna. Masu gidaje suka yi mini caa, sai ga tsohon ya ratso su ya dafa kafaɗata.

"Ku ƙyale shi. Wannan ya rubuta, da idona na gani. Manyansa ne ba su karanta ba."

Wallahi da marina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Kuma ban ƙaryata shi ba.