Rumfar Bayan Kicin

Duk shekarun da Baba Direba ya yi yana jan doguwar bas, bai taɓa tayar da inji bai leƙa ruwan lagireto ba. Da ya ajiye makulli, sai halin ya biyo shi gida. Kullum da sassafe zai fito da buta a hannu yana neman abin da zai ba ruwa.

Gidan nasu ƙarami ne, kuma wurin da ya fi sanyi shi ne lungun bayan kicin, inda famfo yake. Ƙasar wurin ba ta bushewa rani da damina, ga ɗigon famfo, ga ruwan wanke-wanke. Nan uwargidansa take zama tun idonta na gani. Yanzu sai haske da duhu take rarrabewa, shi yake kama hannunta ya kai ta kujera. Amma da hantsi ya yi, rana takan kore ta ɗaki. Sai Baba ya kafa rumfa da itace da waya, ya ce zai lulluɓe ta da shuka mai yaɗo, irin wadda ba ta kaɗe ganye.

Fure kuwa yadda yake zaɓen fentin mota haka ya zaɓe shi: wanda za a hango daga nesa. Ya sayo wata shuka mai fure ja jawur, mai ƙaya, ya dasa, ya shiga yi mata hidima. Buta da safe, buta da yamma. Ganye ya fara rawaya, Baba ya ce ƙishi ne, ya ƙara. Ta mutu murus. Ya sayo 'yar'uwarta, ita ma ta bi sahu.

Babban ɗansu, wanda yake aikin gini, ya zo ya tarar da caɓin.

"Baba, wurin nan sauro kawai yake tara muku. In ta gaba ma ta mutu, siminti zan zuba, in ɗora kwano, kowa ya huta."

Baba ya ɗaga kai ya dubi rumfar. Ya san zafin kwano. In aka rufe wurin da shi, uwargida ta daina fitowa ke nan, sai zaman ɗaki.

Washegari ya tumɓuke matacciyar, ya sa a leda kamar mai kai wa bakanike abin da ya lalace, ya nufi wajen wata mai sayar da furanni a bakin titi. Ta duba saiwar, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Baba, ai ruɓewa ta yi. Da ruwa ka kashe ta."

"Ruwa kuma? 'Yata, ruwa yana kisa?"

"Wannan busasshiyar ƙasa take so. Kai ka sa ta a laima, ka kuma bi ta da buta. Wa zai zauna a rumfar?"

"Uwargida."

"Wane launi take so?"

Sai yanzu Baba ya gane kansa yake ta zaɓa wa jan fure. Kunya ta kama shi.

"Ba ta gani sosai," in ji shi a hankali.

Matar ta shiga can ciki ta ɗauko wata mai ganye kore shar da ƙananan furanni farare. Ta ce wannan tana jure danshi, ba ta tsiraita da rani, kuma ƙamshinta yana cika gida. Ta ce ya yi mata ɗan tudu, ya haɗa da yashi, kada kuma ya ba ta ruwa sai ya tura yatsa ya ji ƙasa a bushe. Baba ya kalli shukar a wulaƙance, a ransa ya ce fara fat kamar motar asibiti, amma ya ɗauka.

Dashen bai ba shi wuya ba, haƙurin ne aiki. Kullum zai durƙusa ya tura yatsa, ya zaro, ya duba kamar mai auna man inji, ya ji laima, ya yi tsaki, ya juye butar a ƙafafunsa. Uwargida tana jin ƙarar ruwan sai ta yi dariya.

Shukar ta kama waya, ta hau, ta bazu. Ɗan ya zo da buhun simintinsa, ya ɗaga kai ya ga inuwa, ya je ya gyara dakalin ƙofar gida da shi.

Wata safiya Baba ya shiga ɗaki zai kama hannun uwargida, bai same ta ba. Ya fito a ruɗe. Can ya hango ta tana bin bango, hancinta a sama, har ta lalubo kujerarta ta zauna.

"Wa ya kawo ki?"

"Ƙamshi na biyo, Malam. Yau direba ya huta."

Daɗi ya cika shi, da ɗan kishi kuma, don an ƙwace masa fasinja ɗaya da ya rage masa. Ya tsaya da buta a hannu.

"Ajiye butar nan ka jawo kujera," in ji ta. "Ka ce ja za ka sayo. Ja ne?"

Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon furannin.

"Fari ne," ya ce. "Ya fi jan kyau."