Tsuntsun da ke hannun Kaka

A gidanmu na Vimtim, lokacin cirar gyaɗa, da an gama cin tuwo sai mu zagaye murhu muna ɓara, Kaka kuma ta biya mu ladan aiki da tatsuniya. Ni can baya nake zama, ba na magana, amma ba abin da ke wuce ni.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "mai gyangyaɗi ba shi da rabo."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta wata mata da ba ta taɓa yarda tana ciwo ba. Ko zazzaɓi na kaɗa ta, in aka ce yaya jiki, sai ta ce da sauƙi. A kan dangarta akwai ɗan tsuntsu mai kuka, "Ƙarya take! Ƙarya take!" Kunya ta sa ta jefe shi da dutse. Ran da ta faɗi a tsakiyar dawa inda ba mai ganinta, tsuntsun da ta kora shi ya je ya kirawo mutane.

Ashe Kaka labarin kanta take ba mu. Hawan jini ya kama ta, amma duk ran da na kira daga makaranta amsarta ɗaya ce: "Lafiya lau, maigidana." Da hutu na kawo mata agogon da ke ƙirga bugun zuciya, na haɗa shi da wayar Kawu, ƙanin babana, yadda lambobin za su riƙa iso ni. Kowace safiya nakan duba kafin in shiga aji.

Wata Laraba na ga bugun yana gudu kamar ta hau dutse. Daga nan sai lambobin suka daina zuwa, ashe ta cire agogon ta rataye a ƙusa. Ni da ba na iya haɗa ido da babba, na kira Kawu na ce ya bar gona yanzu yanzu, ya ɗauko babur. A asibiti a Mubi likita ya ce da an bari sai gobe, da ba haka ba.

Da na je duba ta, ta harare ni. "Kai ka ɗaura mini ɗan gulman nan, ko?"

"Ke kika ce kada a jefi tsuntsu, Kaka."

Sai ta miƙo hannu na mayar mata da agogon.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar horo ce a kan ƙarya. Yanzu ina ganin roƙo ne daga mutanen da kunya ta hana su cewa wayyo, a samu mai faɗa a madadinsu. Har yau in na kira, da sauƙi take cewa. Nakan ce to, madalla, sannan in duba waya.