Jinyar Kwamfutar Mero

Levi mutumin garin Ƙarfi ne, amma a Malumfashi ya yi furfura, cikin wani ɗan shago kusa da tasha. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo gari ya bi ta. Mahaifinsa ma'aikacin ɗakin shan magani ne na mishan, wanda ba ya miƙa wa kowa ƙwaya sai ya auna zafin jikinsa. Levi ya gaji halin nan, har ya zame masa jidali.

Kwamfuta in ta yi nauyi, masu gyaran yanzu wanki suke mata: a kwashe kayan mutum gefe, a goge komai, a zuba sabo, kafin azahar mai ita ya tafi yana washe baki. Levi ya tsani wankin nan. Shi sai ya sa mata wata manhaja mai ɗaukar bayani, ta riƙa lura da zafin cikinta da abin da ke cinye ƙarfinta a daidai lokacin da take sandarewa, sannan ya karanta ya gano inda ciwon yake. Abin yana son haƙuri, mutane kuwa ba su da shi. Suka yi ta zamewa, har ya rage masa Malama Mero kaɗai, mai shagon hoto a Tsiga, wadda ke turo masa sauran masu hoton yankin. Ranar da ta juya masa baya, ranar zai rufe shago, kuma ya sani.

Da kaka ta yi, bukukuwa suka yi yawa, kwamfutar Mero ta fara iskanci. Tana tsakiyar gyaran hoton amarya sai ta tsaya cak. Levi ya hau babur ya je. Kamar yaron da ke warkewa da ganin mai allura, kwamfutar ta yi ta gudu lafiya lau a gabansa. Ya ji haushi, ya sa manhajar, ya ce, "Malama, ki bar ta a kunne. Duk abin da take ji za a ɗauka. Zan dawo ran kasuwa."

Ya dawo, ya buɗe bayanan cike da ɗoki. Zafi daidai, ƙarfi daidai, ko tari ba ta yi ba. Ya sake dubawa, ransa na ɓaci.

"Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya?"

"Ina za ta tsaya, Malam Levi? Ai tunda ka ce ana auna ta, ban bari kowa ya taɓa ta ba. Fanka na kunna mata, na lulluɓe gilashin da zane. Marar lafiya ai ba a sa shi aiki."

Levi ya dafe kai. Ya so ya yi faɗa, amma da wa? Matar nan tausayi ta ji, kuma shi ne bai ce mata ta wahalar da ita ba. Da ƙyar ya ce, "To hotunan mutane fa?"

"Funtua na riƙa kaiwa, shagon Mahadi." Ta sunkuyar da kai. "Ya ce shi yanzu-yanzu zai wanke ta. Na ce ya zo bayan la'asar."

Levi ya roƙi ta ba shi zuwa lokacin. Ya sa ta zauna ta yi aiki irin na ran biki. Ta buɗe hotunan amare tuli guda, ta kunna waƙa, ta jona na'urar buga hoto. Yana tsaye a kanta yana fatan kwamfutar ta lalace, abin da bai taɓa roƙa wa kayan kowa ba. Can sai fankar cikinta ta fara gurnani, lambar zafi ta soma hawa, kibiyar da ke yawo a kan gilashin ta fara jan ƙafa.

"Kar ki taɓa komai," in ji shi a hankali. "Ga ciwon nan yana fitowa."

Sai ga sallamar Mahadi a bakin ƙofa, da jakarsa a kafaɗa. Ya gaida Levi da ladabi, har da rusunawa, ya ce, "Baba, in ka gama dubawa, ina so in koma kafin magariba."

Levi ya dubi Mero. Kaɗan ya rage ya gano ciwon, in ta ce a jira. Ita kuwa kunya ta kama ta ta ko'ina: ga wanda ta taso daga Funtua, ga amare suna ta kiran wayarta. Ta kau da ido ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam Levi. Ka yi ƙoƙari."

Lambar tana ta hawa. Ya tsaya yana kallonta, takaici ya cika masa ciki, don ya san wanki ba ya maganin zafi, kuma in ta sake tsayawa ba shi za a kira ba. Mahadi ya miƙa hannu zai kashe kwamfutar.

"Bari," in ji Levi. Ya kashe ta da kansa, ya matsa ya ba shi kujerar.