Murfin Kwanon da Ya Ceci Gawon Kawu Sanda

Duk wanda ya taɓa wanke wa Kawu Sanda riga ya san ba a tsoma ta a ruwa sai an zazzage aljihu. Ɓawon tsamiya, 'ya'yan bagaruwa, kwanson kalgo, ba abin da ba ya faɗowa! Tun da ya bar aikin gandun daji ya dawo Dogarawa, ba shi da zance sai na zumuncin itatuwa. A wurinsa duk itacen da ke zuba 'ya'yansa cikin kwanso ɗan uwan wake ne. Babban yayansu kuma shi ne gawon da ke tsakiyar gonarsa, wanda ɗansa Hamisu ya daɗe yana harara da niyyar sarewa.

Ran kasuwar Illela na raka shi, ni ɗiyar ƙanwarsa, ya tsaya kan wata mai ƙosai da kunun tsamiya.

"Baiwar Allah, kin san 'yan gida guda kika saidawa?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, saye za ka yi ko sulhu?"

Bai saya ba. Ya dai yi mata bayanin zumuncin wake da tsamiya har man suyarta ya ƙone.

Wata rana wani sabon ma'aikaci daga ofishin gandun daji na Malbaza ya ji Kawu yana kiran gawo Akasiya, sunan boko na dangin bagaruwa. Ya ce masa ai masana sun daɗe da fitar da gawo daga wannan gida, sun ba shi nasa sunan shi kaɗai. Kai, ranar mun ga fushi!

"Wa anka shawarta? Shekara da shekaru yana zamne da bagaruwa, yau a hidda shi kamar ɓarawo?"

Kwana biyu ba ya kula kowa. A na uku ya fito yana murmushi.

"Sun yi gaskiya. Iccen da ka kaɗe ganye da damina don hatsi shi samu rana, halinai daban na."

Sai ya ɗauke murfin kwanon Inna Hajo, matarsa, ya rubuta sabon sunan da fenti, ya ɗaura wa gawon da waya, wai ƙusa za ta ji masa ciwo. Har ya rasu Inna ba ta daina cigiyar murfin nan ba, shi kuwa yana taya ta nema.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kama hannuna ya ce, "Rabi, kak ki bari a taɓa min shi." Na ce to. Amma raina ya ɓaci, don ba ni da ko taki ɗaya a gonar, da wane baki zan hana?

Bayan sadakar arba'in Hamisu ya ɗauko mai saran itace, wai gawon na tare wa garma hanya. Na bi su. Mutumin ya ɗaga gatari, sai idonsa ya faɗa kan murfin.

"Mi ag ga nan? Wadda ta yi lakwal, karanta muna."

Da ni yake, don ni na yi makarantar boko. Na gyara murya, na karanta a hankali kamar jandarma na kiran mai laifi: "Faidherbia albida."

Ya ja da baya. "Kun jiya? Suna biyu garai, na yanka da na uba! Wanga icce gwamnati ta san da shi. Ni ba ni kwana gidan kaso."

Ya saɓa gatarinsa ya kama hanya, Hamisu na kira, ko waiwaye. Ni dai ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙara ko harafi ba. Sai da na zauna a gindin gawon sannan na yi ta dariya har da hawaye.

Bana hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina a gonar, Hamisu da kansa ya sake wa murfin waya. Allah Ya jiƙan Kawu Sanda, Ya sa shi a inuwar da ba ta kaɗe ganye. Kawu, ɗan uwan waken naka yana nan tsaye.