Ƙaron da Ya Ɗaure a Ƙugu

Tawada nake yi. Wurin uwata na gaje ta, ita nake sayar wa malamai a kasuwar Malanville. Ban san ko baƙi ɗaya na abin da suke rubutawa da ita ba.

A kankare baƙin gindin tukunya, a haɗa da gawayin aduwa, a niƙa har ya fi gari laushi. Amma baƙin nan ba ya son ruwa. In an zuba shi, wani ya taso sama ya dunƙule, wani ya kwanta ƙasa. Ƙaro ne ke riƙe shi. A jiƙa ƙaro ya narke, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa da dutse, har baƙin ya daina manne wa juna. Sannan ya zauna cikin ruwa wata da watanni.

Ƙaro mai kyau daga Gaya yake zuwa. Maigidana ke ɗauko mini, a ƙafa, ta kan gadar gulbin da ke kan iyaka. Da aka rufe gadar na yi ta tsimin wanda ke gida har ya ƙare. Na gwada kokon rogo. Tawadar ta yi tsami, malamai suka maido. Wani malami ɗan Kamba ya ce in allo ya bushe, rubutun zubewa yake kamar toka. Tukunyarmu ta daina hawa wuta kullum, har baƙin da zan kankare ya ragu.

Maigida ya ce zai bi jirgin ruwa. Damina ce, gulbi ya cika ya yi ja. Na ce ya bari ruwa ya sauka. Ya dubi yara.

Ya ce, "Ke dai niƙa baƙinki. Kafin la'asar kin gan ni."

Na niƙa. La'asar ta yi, ta wuce.

A dawowa jirgin ya kife, kaya sun yi masa yawa. Masunta suka tsamo gawar maigida wajen Madekali. Masu wanka suka tarar da ƙyalle ɗaure a ƙugunsa, ƙarƙashin riga, don kada duwan, masu binciken kaya a iyaka, su gani. Ƙaron ya narke a ciki. Da ƙyallen ya bushe sai ya yi tauri kamar ƙirgi. Bayan an kai shi, wansa ya miƙo mini ta bakin ƙofa, ya ce ga saƙona.

Ban jira takaba ta ƙare ba, yara ba su ci ba. Na jiƙa ƙyallen a ƙwarya, na matse, na tace yashin gulbi. Na zuba kan baƙin da na niƙa ran nan, na murza. Ya kama. Bai cika ɗan gora ba.

Malamin Kamba ya zo gaisuwa, ya gwada a allonsa, ya bari ya bushe, ya goga da yatsa. Bai zube ba.

Ya ce, "Wannan ita ce ta da. Hanya ta buɗe ke nan?"

Na ce ba ta buɗe ba.